Yadda Ake Ƙirƙirar Wasan da Zai Rage Ƙyama Tsakanin Yaranmu: Jagora Ga Malamai da Shugabannin Matasa a Gombe

Ƙananan hukumomi 11 ne kacal a Jihar Gombe, amma wanda ya taso daga Nafada ya biyo ta Bajoga, ya ratsa cikin gari ya gangara Kumo, Billiri, Kaltungo har Talasse, kunnensa zai sha harsuna: Fulatanci, Bolanci, Teranci, Tangale, Waja, Tula, Cham, Dadiya, Barbarci, ga Hausa da ta haɗa kowa. A aji ɗaya na sakandare a Tumfure ko Pantami akan tarar da ɗan Ardo da ɗan fasto da ɗan da iyayensa suka gudo daga Borno ko Yobe, duk a benci ɗaya. Sai dai zama a benci ɗaya ba shi ne sanin juna ba. Kowane yaro yana zuwa makaranta da maganar da ya tsinta a gida ko a majalisa, cewa su wane ba su da amana, su wane kuwa ba a cin abincinsu.

Abin da muka saba yi shi ne mu tara yara mu yi musu lacca a kan zaman lafiya. Su tafa, a raba lemo, a watse. Ban raina lacca ba, amma yaro ya san amsar da ake so ya bayar, zai ba ku ita ya koma gida da abin da ke ransa. Wasa yana da abin da lacca ba ta da shi: a cikin wasa mutum aikatawa yake yi, ba saurare ba, kuma dokar wasan tana iya sa shi ya buƙaci wanda yake ƙyama. Wannan jagora a kan haka ta ginu. Saƙon yana cikin doka, ba cikin kalmomin da aka rubuta a jikin kati ba.

Mataki na farko: ku zaɓi ƙyama ɗaya tak

"Zaman lafiya" ya yi faɗi, ba a gina wasa a kansa. Ku zauna wurin mai shayi, ko bakin filin ƙwallo, ko ɗakin malamai, ku saurari jimlar da mutane ke faɗa da bakinsu. "Da gangan Bafulatani ke sakin shanu cikin gona." "Manomi mugunta ce ke sa shi nome burtali." "'Yan gudun hijira su suka kawo mana sata." "Almajiri ba ya jin magana." Ku rubuta jimlar yadda take, da ɗacinta, kada ku gyara mata zama.

Daga nan ku tambayi kanku: mene ne mai faɗin wannan magana bai sani ba game da rayuwar wancan? Yawancin kuɗin goron da ake yi wa mutane daga wuri ɗaya yake fitowa. Idan ni na yi kuskure, na san dalilina: bashi ne, yunwa ce, ruwa ne ya makara. Idan wani ya yi irinsa, sai in ce halinsu ne. Aikin wasanku shi ne ya fito da dalilin da ba a gani.

Ku kuma tsayar da waɗanda za su buga. Wasan 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare daban yake da na samarin majalisa, daban da na matan da ke haɗuwa a Islamiyya ko zumuntar mata.

Mataki na biyu: ku ƙirƙira tare da mutanen, ba a bayan idonsu ba

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan wasan a kan manoma da makiyaya ne, dole a samu manomi na gaske da makiyayi na gaske a wurin ƙirƙira, ba ɗan birnin da ya taɓa jin labari ba. Ku je musu da tambayoyin aiki, ba na ra'ayi ba. Wane wata ne ciyawa ke ƙarewa a daji? Idan ka tarar an nome hanyar mashaya, me kake yi a ranar? Shanun da kake kiwo duk naka ne? Yaushe mai bashin taki yake zuwa karɓar kuɗinsa? Me ya sa wake da dawa suke daɗewa a gona bayan an kwashe gero?

Amsoshin nan su ne za su zama dokokin wasan. Kuma don Allah a sallami mutanen da wani abu, ko da kuɗin mota da na cefane ne. Wanda ya bar gonarsa ko garkensa wuni guda ya ba ku iliminsa, ba sadaka ya zo yi ba.

Mataki na uku: ku sa kowa ya buƙaci kowa

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe.

A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Gordon Allport, ya bayyana cewa cuɗanya tana rage ƙyama ne idan an cika wasu sharuɗɗa: ɓangarorin su haɗu a matsayi ɗaya, su kasance da buri ɗaya, su yi aikin tare ba da gasa ba, kuma manya su goyi bayan haɗuwar. A wannan shekarar ce Muzafer Sherif da abokan aikinsa suka kai yara maza 22 wani sansani a jihar Oklahoma, suka raba su gida biyu, suka haɗa su gasa. Ba a jima ba yaran suka fara ƙona tutar juna da kai wa ɗakunan juna hari. Aka ce to a zaunar da su wuri ɗaya su ci abinci, sai suka koma jifan juna da abincin. Abin da ya sassauta gabar shi ne matsalar da ƙungiya ɗaya ba za ta iya ita kaɗai ba: ruwan sansanin ya ɗauke sai da suka taru suka nemo inda matsalar take, motar kawo abinci ta ƙi tashi sai da suka ja ta da igiya gaba ɗayansu.

A 1971 kuma, a birnin Austin na jihar Texas, bayan an haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a makarantu ɗaya rigima ta yi yawa, Elliot Aronson ya fito da wata dabara. A raba aji ƙananan rukunoni masu gauraye, a yanka darasi gunduwa-gunduwa, kowane yaro a ba shi gunduwa ɗaya, jarrabawa kuma ta ƙunshi darasin duka. Yaron da ake yi wa dariya saboda lafazinsa ya zama shi ke riƙe da abin da sauran ke bukata, dole a yi shiru a saurare shi.

Darasin da mai ƙirƙirar wasa zai ɗauka a fili yake. Kada ku rubuta "a taimaki juna" a jikin kati. Ku tsara doka ta yadda wanda bai nemi ɗan'uwansa ba faɗuwa zai yi. Hanyoyi uku ne suka fi sauƙi: a raba kayan aiki, abin da wannan ke nema yana hannun wancan, a raba labari, kowa ya san abin da sauran ba su sani ba, ko a ɗaure maki, nasarar rukuni ta rataya a kan wanda ya fi rauni.

Mataki na huɗu: misali, daga farko har ƙarshe

Ga wasan da za ku iya haɗawa da kwali da tsakuwa. Mu kira shi Burtali. Na ba da shi ne don a ga yadda dokoki ke ɗaukar saƙo, kuna iya sauya duk abin da bai dace da wurinku ba.

A zana gurbi 30 irin na dara a kan kwali, layi biyar kowanne da gurbi shida. Layin tsakiya shi ne burtali: a kansa akwai ruga, a ƙarshensa rafi. Layuka biyu na dama gonar manomi ɗaya, biyu na hagu ta ɗayan. Mutum huɗu ne gari guda, manoma biyu da makiyaya biyu. Kowane manomi yana da ƙwayar wake shida, su ne irinsa. Kowane makiyayi yana da tsakuwa shida, su ne shanunsa. Shekara ɗaya zagaye uku ce, damina da kaka da rani, ana buga shekara uku.

Da damina manomi yana ajiye irinsa inda ya ga dama. Gurbin da ba taki yana ba da tiya ɗaya, wanda shanu suka kwana a kai da rani yana ba da biyu, wanda ya shekara biyu ba taki ba ya ba da komai. Gurbin burtali kuwa kullum biyu yake bayarwa, tunda shanu na bi ta kai. Kun ga jarrabawar. Bayan an yi shuka, makiyayi dole ya kai shanunsa rafi. Idan ya tarar da shuka a burtali, zaɓi biyu gare shi: ya kauce ta cikin gona shanu su cinye gurbin da suka taka, ko ya haƙura da ruwa ya rasa saniya ɗaya.

Da kaka ana zaro kati daga jaka. Idan kati ya ce ruwa ya makara, girbi zai jinkirta, ciyawar daji kuma ta ƙare. Makiyayi ko ya shiga gonar da ba a gama kwashewa ba, ko ya sake rasa saniya, sai fa idan manomi ya sadaukar da tiya ɗaya ya ba shi a matsayin harawa. Da rani manomi yana iya gayyatar makiyayi ya zaunar da shanu a gonarsa su ci kara. Kowace saniya tana sa wa gurbi ɗaya taki, kowane shanu uku da suka ƙoshi kuma suna ƙara ɗan maraƙi. Wannan ba ƙirƙira ba ce, tsohuwar ma'amala ce da iyayenmu a Dukku da Kwami da Akko suka sani, yara da yawa ne dai ba su tashi sun gan ta ba.

Yanzu ga dokoki uku da suka fi duk sauran muhimmanci.

Ta farko, kowa yana da katin sirri. Na manomi yana iya cewa: ana bin ka bashin tiya takwas, za a zo karɓa da kaka. Ku lura, gurbi shida marasa taki shida kawai za su ba shi, don haka lissafi da kansa zai tura shi burtali. Na makiyayi yana iya cewa: huɗu daga cikin shanun nan na wani alhaji ne a birni, idan ka rasa fiye da ɗaya za a karɓe kiwon. Ba a yarda kowa ya nuna katinsa ba sai an tambaye shi, "Me ya sa ka yi haka?" Wanda aka tambaya dole ya buɗe. Za ku sha mamakin tsawon lokacin da yara za su ɗauka suna zargi da ɗaga murya kafin wani ya tuna akwai tambaya.

Ta biyu, makin gari shi ne abin da ke hannun wanda ya fi kowa ƙaranci, hatsi ne ko shanu. Manomin da ya tara tiya goma sha biyu alhali makiyayinsa ya koma saniya biyu, garinsa maki biyu ya ci.

Ta uku, idan shekarar farko ta ƙare, alƙalin wasa ya sanar a musanya kujeru. Manomi ya koma makiyayi ya gaji garken da shi da kansa ya rage, makiyayi ya gaji gonar da shanunsa suka taka da bashin da ke kanta. Kada a faɗa musu tun farko.

Mataki na biyar: gasa tana da amfani, amma ku duba wa ke karawa da wa

Wasan da ba gasa yakan yi lami, samari ba za su dawo ba. Don haka a Burtali a kafa allo biyu, gari biyu su yi takara, kowane gari da manomansa da makiyayansa. Abin da ba a yi shi ne a ce manoma ga makiyaya. Haka nan wasan ƙwallon sada zumunci da ake shiryawa a ce matasan masallaci su kara da matasan coci, niyyar mai kyau ce amma tsarin baibai yake. Masanin tattalin arziki Matt Lowe ya shirya gasar kurket, wani wasan dukan ƙwallo da sanda, a jihar Uttar Pradesh ta Indiya tsakanin samarin da tsarin asali na can ya raba su hawa-hawa. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna waɗanda suka buga a ƙungiya ɗaya da 'yan wani rukuni sun ƙara abota da su, karawa da su a matsayin abokan hamayya kuwa raguwa ta jawo.

Rabon ma kansa a yi hattara da shi. Tun farkon shekarun 1970 Henri Tajfel ya nuna a Bristol ta Ingila cewa ko da a kan abin banza aka raba 'yan makaranta, kamar wane zane ya fi burge su, nan take suke fara fifita nasu wajen rabon maki. Saboda haka a riƙa yin ƙuri'a, a sake gauraya rukunoni lokaci zuwa lokaci. Kuma kada a ba ɗan Fulani kujerar makiyayi a zagayen farko don wai ya fi sani. A ba shi gona.

Mataki na shida: ku guji wasan ɗanɗana wahala

Wannan tarko ne da masu kyakkyawar zuciya suka fi faɗawa. A ɗaure wa yara ido su zaga makaranta don su ji yadda makaho ke ji, ko a ba su kwano su yi bara na minti goma. Arielle Silverman, wadda ita kanta makauniya ce, ta yi bincike da abokan aikinta a Jami'ar Colorado, aka buga a 2015: waɗanda aka rufe wa ido suka yi wasu ayyuka sun fito suna ganin makafi ba za su iya aiki ko zaman kansu ba, fiye da waɗanda ba a rufe wa ba. Dalili kuwa, abin da suka ɗanɗana firgicin ranar farko ne, ba ƙwarewar wanda ya shekara ashirin yana zuwa kasuwa da sandarsa ba.

Akwai kuma wani wasan intanet mai suna Spent da ya fito a Amurka a 2011, inda ake ba mutum dala 1,000 ya ƙarasa wata da ita a matsayin talaka. Gina Roussos ta Jami'ar Yale ta gwada shi, ta tarar bugawar tana iya ƙara wa mutum imanin cewa talauci abu ne da ke hannun mai shi. Tunda wasan zaɓi ne bayan zaɓi, sai mai bugawa ya ce ai da ya yi dabara da ya fita.

Maganin abu biyu ne. Ku bar wasu asarori da ba dabarar da za ta hana su, kamar katin makarar ruwa, don a gane ba komai ne laifin mutum ba. Sannan ku ba kowace kujera gwaninta, ba rauni kaɗai ba. A Burtali, makiyayi ne kawai aka yarda ya leƙa katin kaka tun da damina, domin shi ke yawo a daji yana ganin alamu. Manomi mai wayo zai koyi zuwa gaishe shi. Wasan da ya sa yaro ya ce "Allah sarki" ya tsaya nan bai gama aiki ba, wanda ake so shi ne ya ce "ashe ni ma haka zan yi."

Kada kuma a shirya wasan da za a wulaƙanta wasu yara da gangan don su ɗanɗana wariya. Wata malama a jihar Iowa ta Amurka, Jane Elliott, ta yi haka a 1968 inda ta raba ajinta bisa launin ido, kuma har yau ana muhawara a kan halaccinsa. A wurin da wasu yaran suka ga gidansu na ci da wuta, wannan ba abin kwaikwayo ba ne.

Mataki na bakwai: kada saƙon ya yi ihu

Da zarar matashi ya shinshino wa'azi, sai ya ɗaure fuska ya fara ba ku amsar jarrabawa. Geoff Kaufman da Mary Flanagan na Kwalejin Dartmouth sun gwada wani wasan kati a kan wariya, suka ga wanda katunan wariyar ba su kai rabi ba ya fi tasiri a kan wanda aka cika da su. Kamar gishiri ne a miya, idan har shi ake ji to an ɓata girkin. Ku cika jakar da katunan rayuwa da na dariya: akuya ta cinye takardar bashi, surukai sun zo sai an yanka zakara, farashin wake ya tashi a Tudun Hatsi.

Sunan wasan ma kada ya tona asiri. "Wasan Haɗin Kan Al'umma" ba wanda zai yi marmarinsa. Garuruwan kuma a ba su sunayen tatsuniya, kada a kira Billiri ko wani garin da aka taɓa rikici, kada a sa sunan ƙabila ko addini a kati. Nisan nan shi ke ba mutum damar yin tunani ba tare da ya ji ana nufinsa ba.

Wani zai ce a yi amfani da barkwanci, tunda muna da wasan Fulani da Barebari. Gaskiya ne, amma wannan wasa ne mai tsohuwar yarjejeniya da kowa ya san iyakarta. Ba ya ɗaukuwa a dasa tsakanin waɗanda ba abokan wasan juna ba, zagi zai koma.

Mataki na takwas: izini, da maganar caca

Sharaɗin Allport na huɗu, goyon bayan manya, a wurinmu shi ne na farko a aikace. Ku kai allon gaban shugaban makaranta ko mai unguwa, ku nuna wa liman da fasto, idan da hali ku sa su buga zagaye ɗaya. Iyaye da yawa da zarar sun ga ɗan lido ko kati mai kama da karta, caca ce ke zuwa musu a rai, kuma suna da hujja. Shi ya sa a Burtali babu abin jefawa, babu kuɗi, babu kyautar kuɗi. Katunan a yanka su manya daga kwali, a yi musu zane, ta yadda wanda bai yi boko ba ma zai gane. Inda aka fi sanin ajami a rubuta da shi a gefe.

A duba lokacin salla, a bar Juma'a da rana da safiyar Lahadi. Inda iyaye ba za su so a cakuɗa maza da mata ba, a kafa allon mata daban da malama a kai. Idan kuma ba a daɗe da yin rikici a yankin ba, a dakata, wasa ba ya shiga gaban ta'aziyya da sulhun manya.

Mataki na tara: gwaji

Kada ku kai wa mai ɗab'i komai tukuna. Ku samu mutum huɗu da ba su san wasan ba, ku bayyana dokoki cikin minti biyar, ku koma gefe ku yi shiru da littafi a hannu. Idan bayani ya wuce minti biyar, dokoki sun yi yawa, a rage. Ku lura da inda aka rikice, inda aka yi dariya, da lokacin da wani ya zaro waya. Idan kujera ɗaya ce kullum ke shan kashi, lissafin ya karkace, yara za su fita da cewa makiyayi ko manomi shi ne matsala, kun ƙara abin da kuka zo ragewa. Ku sauya doka ɗaya kawai kafin kowane sabon gwaji, don ku san wace ce ta yi aiki. Sannan ku mayar wa manomin da makiyayin da kuka fara da su, su ce muku inda kuka yi ƙarya.

Mataki na goma: hirar bayan wasa

Ku ware wa hirar lokaci kamar rabin na wasan. A fara da mayar da wake da tsakuwa cikin jaka, kowa ya tashi ya sauya wurin zama, don a fita daga kujerar. Tambayoyin a jere suke: me ya faru a garinku? Yaushe ranka ya fi ɓaci, da wa? Da ka ga katinsa me ya zo maka? Me ya hana ka tambaya tun farko? Sai a ƙarshe, ina ka taɓa ganin irin wannan? Idan an yi shiru ku bar shirun, kada ku cike shi da naku jawabin.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada a juya ga yaro ɗaya a ce, "Kai da kake Bafulatani, gaya mana." Bai zo wakiltar kowa ba. Wanda kuma ya ce ba zai yi magana ba, ko ya nemi fita, a ƙyale shi, a bi shi daga baya a keɓe.

Mataki na goma sha ɗaya: ku auna da aiki, kuma kada ku yi alkawarin da ya fi ƙarfin wasa

Bincike mafi kusa da mu a Kaduna aka yi shi. Alexandra Scacco da Shana Warren sun sa samari Musulmi da Kirista a kwas ɗin kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya, aka buga sakamakon a 2018. Abin da samarin ke faɗa game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba, 'yan aji mai gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya adalci ga wanda ba nasu ba. Wani abin lura, bambancin ya samo asali ne daga yadda 'yan ajin addini ɗaya suka ƙara fifita nasu fiye da waɗanda ba su shiga kwas ɗin ba sam. Wato tara ɓangare ɗaya su kaɗai yana da nasa haɗarin.

A arewacin Iraƙi ma, Salma Mousa ta saka 'yan wasa Musulmi cikin ƙungiyoyin ƙwallo na Kiristocin da ISIS ta raba da gidajensu. Sakamakon 2020 ya nuna Kiristocin sun fi yarda su ci gaba da atisaye da Musulmi, har su zaɓi Musulmi a kyautar ɗan wasa mai ladabi, amma sauyin bai kai ga baƙin da ba su sani ba a wajen fili.

Don haka takardar tambayoyi da za a raba nan take bayan wasa ba za ta gaya muku komai ba, kowa "na yarda" zai zaɓa. Ku duba aiki. Kafin a fara, ku ce kowane ɗalibi ya rubuta sunan mutum uku da yake so a haɗa shi aikin rukuni da su, ku adana takardun. A buga wasan sau ɗaya a mako har zango ya ƙare, domin zama ɗaya ba ya kankare abin da aka shekara goma ana ji a gida. Bayan wata guda da gamawa a sake wannan tambayar, a ƙirga sunaye nawa suka tsallaka ƙabila ko addini. A yi haka kuma a wani aji da bai buga ba, in ba haka ba ba za ku san ko wasan ne ko zaman tare na yau da kullum ba. A cikin wasan kansa akwai ma'auni mai sauƙi: alƙali ya riƙa rubuta a wane zagaye aka fara tambayar "Me ya sa ka yi haka?" Idan a makon farko sai shekara ta biyu aka yi ta, a mako na shida kuma tun kafin a ajiye iri, ku rubuta wannan a rahotonku yadda yake.

Masu sha'awar mayar da wasan manhajar waya su jira sai na kwali ya zauna da ƙafarsa, kuma in sun tashi su tsara shi ta yadda mutum huɗu za su zauna wuri ɗaya suna miƙa wa juna waya guda, ba tare da buƙatar data ba. Dokokin kuma a rubuta su a shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, a samu masu harshen su mayar Fulatanci da Tangale da duk wanda ake ji a wurin, a bar fili a ƙasan shafin inda malamin da ya karɓa zai rubuta abin da ya sauya da dalilinsa.